Yadda Ake Jinyar Mara Lafiya a Gida Alhali Ana Zuwa Aiki

Ranar da aka sallami mara lafiya daga asibiti, iyali kan yi murna, kuma murnar tana kan hanya. Sai dai daga wannan ranar ce aikin da ma'aikatan jinya da dama suke yi ta hanyar karɓa-karɓa yake komawa wuyan mutum ɗaya ko biyu, waɗanda galibi ba su taɓa koyon yadda ake juya mutum a gado ba, kuma gobe da safe ana jiransu a wurin aiki. Domin su na rubuta wannan: ɗa ko 'yar da ke kula da mahaifin da ya samu shanyewar ɓarin jiki, matar da mijinta ya karye a kwatangwalo, iyalin da tsufa ya kwantar da mahaifiyarsu. Ƙauna ce ke sa mutum ya ɗauki jinya, amma jinya mai tsawo sai da tsari a rubuce take ɗorewa, kuma dole lafiyar mai jinyar kansa ta shiga cikin tsarin tun daga ranar farko.

Mataki na farko: kada ku bar asibiti da tambaya a bakinku

Lokacin sallama lokaci ne na gaggawa, kowa na haɗa kaya, ana neman mota. Duk da haka ku tsaya ku sami likita ko nas da takarda a hannu. Ku tambayi sunan ciwon, ku roƙi a rubuta muku shi. Ku tambayi wane magani ne sabo, wanne aka dakatar daga cikin waɗanda yake sha tun da, da kuma ranar komawa asibiti. Ku tambaya ko an yarda ya taka ƙafarsa, ko zai iya haɗiyar abinci da ruwa yadda ya saba, da alamomin da idan kun gani za ku dawo da shi ba tare da jiran ranar ganin likita ba.

Sannan ku ce a nuna muku a aikace. Idan akwai rauni da ake wankewa, ko robar fitsari, ko robar ba da abinci ta hanci, ko allurar insulin, kada ku wadatu da bayanin baki. Ku kalli nas tana yi, sannan ku yi da hannunku a gabanta ta gyara muku. Haka ma likitan gashin ƙashi: ku roƙe shi ya nuna muku motsa jikin da za a riƙa yi wa mara lafiya kullum, idan ya amince ku ɗauki bidiyo da waya domin sauran 'yan gida su gani.

Mataki na biyu: a zauna a raba aiki tun kowa bai gaji ba

A mafi yawan iyalai jinya kan faɗa wa mutum ɗaya ba tare da an taɓa yin maganar ba, sau da yawa mace, ko wanda gidansa ya fi kusa. Makon farko kowa na zuwa dubiya, bayan wata ɗaya sai ƙafa ta ɗauke. Don haka ku yi zaman iyali a cikin kwanakin farko, har da waɗanda ke nesa ta waya, ku rubuta ayyukan ɗaya bayan ɗaya: kwanan dare, wanka da safe, girki, sayen magani, kai wa asibiti, wanki, biyan kuɗi. Kowane aiki a rubuta sunan mutum a gabansa da ranakunsa. "Duk abin da ake buƙata a kira ni" magana ce mai daɗi, amma ba ta juya mara lafiya da ƙarfe biyun dare. Wanda ya ce haka, a ce masa: "Yaya, daren Asabar naka ne," ko "Kai ne za ka riƙa kai Baba asibiti duk ranar da aka ba shi."

Wanda ke nesa ma yana da rabonsa. Zai iya ɗaukar albashin mai taimako na wasu sa'o'i, ko kuɗin magani, ko ya zo ya karɓi jinyar na kwana uku domin mai jinya ya huta.

A zaman nan a saka mara lafiyan da kansa matuƙar hankalinsa na jikinsa. Shi ne zai faɗi wanda yake so ya yi masa wanka da wanda yake jin nauyinsa. Dattijon da ya shekara hamsin yana yanke hukunci a gidansa, idan ya ga ana tsara rayuwarsa a bayan idonsa, sau da yawa sai ya fara ƙin magani da abinci, don nan ne kaɗai ikonsa ya rage.

Sai wurin aiki. Ku sanar da shugabanku da wuri, kafin makara da fashi su fara magana a madadinku. Ba sai kun bayyana sirrin ciwon ba. Ku je da buƙata takamaimai: sauya lokacin shiga, ko rabin yini a ranar asibiti, ko yin wani ɓangare na aikin daga gida. Ku tambaya kuma ko dokar aikin wurin ta tanadi hutun kula da iyali, don ƙa'idoji sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Mataki na uku: shirya ɗaki

Faɗuwa ce babbar barazana ga wanda yake ɗan iya tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 684,000 ne ke mutuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a cikinsu. Ku kwashe duk abin da ƙafa za ta iya sarƙewa da shi tsakanin gado da bayan gida: wayoyin lantarki, ƙananan shimfiɗu masu zamewa, takalma. Ku bar ɗan haske da dare. Ku sa kujera mai ƙarfi a wurin wanka, da abin riƙewa a bango idan da hali. Gadon ya kasance ana iya zagaya shi ta ɓangarori biyu, kuma tsawonsa ya zama idan mara lafiya ya zauna a bakinsa tafin ƙafarsa na taɓa ƙasa. A ajiye masa ƙararrawa ko waya inda hannunsa mai lafiya zai kai.

Mataki na huɗu: littafin jinya da tsarin magani

Ku sayi littafi guda ɗaya ku ajiye shi a gefen gado. Shafin farko: sunan ciwo, jerin magunguna da adadinsu da lokutansu, magungunan da jikinsa ba ya karɓa, lambar likita da ta wanda za a kira cikin gaggawa. Sauran shafukan na kullum ne: an ba da magani ƙarfe nawa, me ya ci, ya sha ruwa nawa, ya yi fitsari da bayan gida ko bai yi ba, awon jini, da duk wani abu da aka lura da shi. Ga mai zuwa aiki wannan littafi shi ne idonsa a gida. Idan kun dawo da yamma ba sai kun dogara da "ai lafiya lau ya yini" ba, kuma ranar asibiti likita zai ga abin da ya faru a makonni, maimakon abin da aka iya tunawa.

Kuskuren magani ya fi faruwa a gidan da hannu ya yi yawa: wannan ta ba da na safe, wancan ya zo bai sani ba ya sake bayarwa. Maganin wannan shi ne akwatin ƙwayoyi mai gidaje bakwai na kwanakin mako, mutum ɗaya ya riƙa cika shi a rana ɗaya tsayayya, kuma duk wanda ya bayar ya sa hannu a littafi. Idan an manta wani lokaci kada a ninka na gaba, a tambayi likita ko mai harhaɗa magunguna. Kada a daka ƙwaya don a sauƙaƙa haɗiya sai an tambaya, domin akwai waɗanda aka yi su su riƙa narkewa a hankali tsawon yini, idan aka daka su sai ƙarfinsu ya shiga jiki gaba ɗaya.

Ina so in ja kunne kan magungunan ciwon jiki da ake saye ba takarda. Farasitamol ga babban mutum iyakarsa giram 4 a cikin sa'o'i 24, ga tsoho mara nauyi ko mai ciwon hanta kuwa ƙasa da haka, kuma yana ɓoye a cikin magungunan mura da yawa, sai a wuce iyaka ba a sani ba. Su ibuprofen da diclofenac suna iya jawo zubar jini a ciki, su taɓa ƙoda, su ɗaga hawan jini, musamman ga tsofaffi da masu shan maganin tsinka jini. Duk abin da masu dubiya suka kawo da sunan magani, komai kyawun niyyarsu, a nuna wa likita kafin a ba shi. Kuma maganin hawan jini ba a daina shi don awo ya yi kyau. Maganin ne ya sa ya yi kyau.

Mataki na biyar: fata da juyawa

Idan mara lafiya ba ya iya juya kansa, nan ne ya kamata ku fi zuba ido, domin gyambon kwanciya yana iya somawa cikin 'yan sa'o'i, warkewarsa kuwa sai ya ɗauki watanni, wani lokaci ya ci har ƙashi ya sa guba a jini. Abin da ke kawo shi shi ne nauyin jiki ya matse fata tsakanin ƙashi da katifa, jini ya kasa isa wurin, naman ya fara mutuwa daga ciki. Jiƙewa da fitsari ko gumi, da jan mutum a kan zanin gado, da rashin cin abinci sosai, duk suna hanzarta shi.

Wuraren da ake dubawa su ne inda ƙashi ya fi kusa da fata: ƙasan gadon baya wajen saman ɗuwawu, diddige, gefen kwatangwalo, idon sawu, gwiwar hannu, allon kafaɗa, ƙeya da kunnuwa. A duba su kullum, lokacin wanka ya fi sauƙi, kuma da haske sosai. A fata mai haske alamar farko ja ce wadda ba ta yin fari idan aka danna da yatsa. A baƙar fata kuwa jan ba ya fitowa sosai, shi ya sa ake yawan makara. Ku nemi wurin da ya fi kewayensa duhu ko ya yi shuɗi-shuɗi, ko yake sheƙi, sannan ku taɓa da hannu: ya fi sauran jiki zafi ko sanyi? Ya yi tauri, ko ya yi laushi fiye da kima? Yana masa ciwo? Idan kun ga haka, ku ɗauke nauyi daga wurin gaba ɗaya, ku sanar da nas ko likita. Kada a murza wurin ko a yi masa tausa, hakan ƙara ɓata naman yake yi. Idan fata ta riga ta buɗe, ba aikin gida ba ne kuma, sai ma'aikacin lafiya ya gani ya faɗi abin da za a rufe shi da shi.

Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a sauya masa kwanciya duk bayan kamar sa'o'i 2, sai dai idan akwai katifa ta musamman kuma ma'aikacin lafiya ya ba da wani tsari. Ga yadda ake juyawar. A shimfiɗa wani zani mai ƙarfi a ƙarƙashinsa daga kafaɗa zuwa cinya. Ku gaya masa abin da za ku yi, ko da kuna ganin ba ya ji. Idan za a juya shi zuwa hagu, a lanƙwasa gwiwarsa ta dama, a ɗora hannunsa na dama a ƙirji. Ku tsaya ta hagu, hannu ɗaya a kafaɗarsa ta nesa, ɗayan a kwatangwalo, ku mirgino shi zuwa wajenku a hankali. Kada a ja shi ta hannu, balle hannun da ya shanye, don kafaɗar na iya gocewa. Ba a so ya kwanta sosai a kan ƙashin kwatangwalo. A karkata shi kamar digiri 30, a tokare bayansa da matashi, a sa wani tsakanin gwiwoyinsa. Idan yana rigingine, a sa matashi a ƙarƙashin sharaɓarsa yadda diddige zai rataya bai taɓa katifa ba. In ban da lokacin cin abinci ko larurar numfashi, kada a ɗaga kan gado fiye da digiri 30, domin jiki zai riƙa zamewa ƙasa yana jan fatar baya. Wanda ke yini a kujera shi ma a gyara masa zama aƙalla duk sa'a guda, kuma a guji matashin nan mai rami a tsakiya kamar zobe, yana tare jini a kewayen wurin.

Na san juyawa duk sa'o'i 2 har cikin dare ba abu ne da mutum ɗaya mai zuwa aiki zai iya ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa na sa raba aiki a gaba. Idan babu mai karɓa, katifar iska mai sauya matsi tana daga cikin abubuwan da suka fi cancantar a haɗa kuɗi a saya, ko da yake tana rage haɗarin ne, ba ta ɗauke juyawa da duba fata.

Fatar ta kasance a tsaftace kuma a bushe. Da zarar ya ɓata jikinsa a canza masa, a wanke da ruwan ɗumi da sabulu mara ƙarfi, a tsane da tawul ta hanyar dannawa, a shafa man kariya. Zanin gado a miƙe shi sosai, kada a bar ninki ko ɓurɓushin abinci. A rufe ƙofa, a lulluɓe sashen jikin da ba a wankewa a lokacin. Mutumin da ya koma ana masa tsarki ya riga ya rasa abu mai yawa, kada a haɗa masa da tozarci. Mai robar fitsari kuma, jakar ta kasance koyaushe ƙasa da mafitsara, ba ta taɓa ƙasa ba, kuma robar ba ta lanƙwashe ba. Ku wanke hannu da sabulu na aƙalla daƙiƙa 20 kafin da bayan kowane irin aikin nan.

Mataki na shida: tayarwa ba tare da kun karya bayanku ba

Ciwon baya ne ke fara kayar da masu jinya. Ku ware ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ku lanƙwasa gwiwa, baya a miƙe, ku matso da mara lafiya kusa da jikinku, kuma idan za ku juya ku juya da ƙafa, kada ku murɗa ƙugu. Kada ku bari ya rataya a wuyanku. Idan za a matsar da shi sama a gado, mutum biyu su kama zanin nan ta gefe biyu su ɗaga tare.

Kafin ya miƙe, ya zauna a bakin gado minti ɗaya ko biyu, domin jinin tsoho, musamman mai shan maganin hawan jini, kan sauka idan ya tashi farat ɗaya, jiri ya ɗebe shi. Idan ya fara faɗuwa a hannunku, kada ku yi ƙoƙarin riƙe nauyinsa. Ku kare kansa ku sauke shi ƙasa a hankali. Idan ya faɗi kuma yana kukan kwatangwalo ko wuya, ko ya bugu a kai, kada a ɗaga shi, a kira taimako.

Duk abin da zai iya yi da kansa a bar shi ya yi, ko da zai ɗauki lokaci. Tsokar da ba ta aiki tana saurin narkewa a jikin tsoho, kuma tausayin da ke sa a yi masa komai yana iya zama abin da zai hana shi tashi.

Mataki na bakwai: ci da sha

Ba a ba mutum abinci yana kwance. A zaunar da shi sosai, kansa ya ɗan sunkuyo gaba, a ba shi kaɗan-kaɗan, a tabbatar ya haɗiye kafin a ƙara, kuma ya ci gaba da zama aƙalla minti 30 bayan ya gama. Idan yana tari ko ƙwarewa lokacin ci, ko muryarsa ta zama kamar da ruwa a maƙogwaro, ko abinci na taruwa a kumatu, a dakata a sanar da likita. Bayan shanyewar ɓarin jiki haɗiya kan samu matsala, abinci ko ruwa ya bi hanyar iska ya sauka a huhu ya haifar da nimoniya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ruwa tsararo ya fi abu mai ɗan kauri saurin ƙware irin wannan mara lafiya. Wanke baki sau biyu a rana, ko da ba shi da haƙori ko ta roba yake cin abinci, yana rage ƙwayoyin cutar da za su iya gangarawa huhu.

Tsofaffi ba sa jin ƙishirwa sosai, don haka kada a jira sai ya nema. A riƙa miƙa masa ruwa a kai a kai, a duba launin fitsari. Idan ya yi duhu kuma ya ragu, ruwan bai isa ba. Amma mai ciwon zuciya ko ƙoda da likita ya ƙayyade wa ruwa, adadin likita za a bi. Jiki na buƙatar abinci mai gina jiki don fata da rauni su warke. Gishiri kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya kai giram 5 a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin sinadaran ɗanɗano da abincin gwangwani. Idan ya kwana uku bai yi bayan gida ba a faɗa wa likita, domin kwanciya da wasu magungunan kashe zafi masu ƙarfi suna kawo taurin bayan gida.

Mataki na takwas: awon jini a gida

Na'urar da ake ɗaurawa a damtse ta fi ta wuyan hannu inganci. Ya huta minti 5 kafin awo, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a ɗore daidai da zuciya, ba a magana. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, a rubuta duka. A asibiti ana ɗaukar 140/90 zuwa sama a matsayin hawan jini, a awon gida kuwa galibi 135/85, amma likita ne zai faɗi adadin da yake so ga mara lafiyarku. Idan ya kai 180/120 a sake aunawa bayan 'yan mintuna. Idan bai sauka ba a kira likita a ranar, idan kuwa akwai ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko rikicewar gani ko magana, asibiti za a nufa nan take.

Mataki na tara: alamomin da ba a jira da su

Ku rubuta waɗannan da manyan baƙaƙe ku manna a bango, domin ranar da abin zai faru wataƙila kuna wurin aiki, yaro ne ko mai taimako a gida. Fuska ta karkace, hannu ko ƙafa ta mutu farat ɗaya, magana ta sarƙe: wannan shanyewar ɓarin jiki ce har sai an tabbatar ba ita ba ce. A duba agogo a riƙe lokacin da abin ya fara, domin maganin narkar da gudan jini galibi cikin sa'o'i huɗu da rabi na farko ake iya bayar da shi. Kada a ba shi abinci ko ruwa ko asfirin, don wata shanyewar zubar jini ce a ƙwaƙwalwa, sai hoto ya bambance. Ko da alamun sun wuce cikin mintuna, a kai shi.

Haka ma ciwon ƙirji, numfashi da ƙyar, amai da jini ko baƙin bayan gida, farfaɗiya, daina fitsari, da kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, wanda kan iya zama gudan jini a jijiya, kuma ba a yi masa tausa. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 a jikin wanda ke kwance abin kira ne a ranar. Sai wata alama da ake yawan ɗauka tsufa ce: mutum ya rikice cikin yini ɗaya ko biyu, ya daina gane mutane, ko ya yi ta barci ba ya tashi. Ruɗewa ta farat ɗaya a jikin tsoho sau da yawa alamar ciwo ce a wani wuri, kamar cutar mafitsara ko ta huhu, ko ƙarancin ruwa, ko illar magani, kuma tana iya zuwa ba tare da zazzaɓi ba.

Mai ciwon suga da ke shan magani ko allura, idan ya fara gumi da rawar jiki da ruɗewa, a auna sugan jininsa. Ƙasa da 70 a ma'aunin mg/dL, ko 3.9 a na mmol/L, suga ya faɗi. Idan yana iya haɗiya a ba shi kamar giram 15 na sukari, wato kusan babban cokali ɗaya a ruwa, a sake aunawa bayan minti 15. Idan ya suma kada a zuba masa komai a baki, a kwantar da shi a kan gefen jikinsa a nemi agaji.

Mataki na goma: lafiyar mai jinya

Wanda ya yi sa'o'i 8 a wurin aiki ya dawo ya kama jinya har dare, aiki biyu yake yi. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da binciken da ya nuna cewa yin aikin sa'o'i 55 ko fiye a mako yana tare da ƙarin haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin 100, da na mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 17 cikin 100, idan aka kwatanta da masu yin sa'o'i 35 zuwa 40. Aikin albashi suka ƙirga, amma jikin mai jinya bai san bambancin aikin da ake biya da wanda ba a biya ba.

Barci ne farko. Babba na buƙatar sa'o'i 7 ko fiye. Idan hakan ba zai samu kullum ba, ku tsara aƙalla dare biyu ko uku a mako da wani zai karɓa, ku kwana a wani ɗaki inda ba za ku ji motsi ba. Kada ku tuƙa mota bayan daren da ba ku runtsa ba. Motsa jiki da ake so shi ne minti 150 zuwa 300 a mako, kuma ana iya tara shi da tafiya mai ɗan sauri ta minti 10 sau uku a rana. Na'urar awon jinin nan ku riƙa ɗaura ta a naku hannun, musamman idan hawan jini ne ya kwantar da mahaifi ko mahaifiya, don yana bin dangi kuma ba ya sallama kafin ya yi ɓarna. Naku maganin da naku ranakun asibiti su shiga littafin nan ɗaya.

Akwai abin da masu jinya ke jin kunyar faɗa: wata rana ransu na ɓaci da mara lafiya, su ji sun gaji da shi, sannan su kwana suna zargin kansu. Wannan gajiya ce, kuma kusan duk wanda ya yi doguwar jinya ya san ta. Idan kun ji fushi na tasowa, ku tabbatar mara lafiya yana cikin aminci, ku fita minti biyar. Idan kuwa kun fara yi masa tsawa ko riƙo da ƙarfi, lokacin neman mai karɓa ya yi, a yau. Baƙin ciki ko rashin jin daɗin komai da ya kai mako biyu, tare da rashin barci ko rashin cin abinci, ciwo ne da likita ke dubawa kuma yana da magani. Tunanin cutar da kai kuwa ba a kwana da shi, a gaya wa wani a nemi taimako nan take.

Yaran gida ma a yi musu bayani daidai hankalinsu. Za su iya miƙa ruwa su zauna hira da kakansu, amma kada a ɗora musu ba da magani ko ɗaga babba.

Mataki na ƙarshe: a riƙa sake duba tsarin

Sau ɗaya a mako ku ɗauki minti 15 ku buɗe littafin tare da sauran masu hannu a jinyar. Yana cin abinci fiye da makon jiya ko ƙasa? Fata lafiya? Wane magani ne zai ƙare kafin mako mai zuwa? Wa ya kasa cika ranarsa, kuma wa zai maye gurbinsa? Tsarin da ya yi aiki a watan farko ba lallai ya yi a na shida ba. Idan ya kai ana buƙatar mutum biyu kafin a motsa shi, ko yana yawan faɗuwa, ko gyambo ya ƙi warkewa, ko ruɗewa ta sa ba a iya barinsa ko na minti ɗaya, ku koma wurin likita ku faɗi gaskiyar abin da gida zai iya da wanda ba zai iya ba. Ku tambaya ko akwai nas mai zuwa gida, ko wurin da ake karɓar mara lafiya na 'yan kwanaki don iyali su huta. Idan ciwon wanda ba a sa ran warkewarsa ne, ku tambayi sashen da ke kula da rage raɗaɗi, tun mara lafiya yana iya faɗin abin da yake so a yi masa da wanda ba ya so, kuma ku rubuta abin da ya faɗa a shafin farko na littafin.